Lambar da ke Bangon Zauren Dabo

A Unguwar Nagoggo, wani ƙauye da ke gefen hanyar Zango, idan mace tana da saƙon da ba ta so ya bi ta hannu da yawa, Badaru take aikawa a kira mata. Ɗan acaɓa ne, magidanci, ba mai yawan magana ba. Shi ke kai niƙa, shi ke sayo wa tsofaffi magani a Daura, shi ke karɓo aiken mazan da suka tafi cin rani. Babur ɗinsa ya tsufa, da safe sai an tura yake tashi. Amma ba don babur ake nemansa ba. Ana nemansa ne don abin da aka ba shi yakan isa yadda aka ba shi.

A wannan shekarar gwamnati ta kawo wani tsari na yi wa manoma rajista. Da rani ma'aikata suka zo ƙauyen, suka rubuta sunan kowane mai gida, suka ba shi wata doguwar lamba. Suka ce katin mai hoto zai biyo baya, kafin nan lambar ita ce shaida: duk wanda ya je sito a Zango da suna da lamba za a ba shi takin zamani da irin shuka. Maza da kansu suke zuwa. Matan da ke riƙe da gidajensu kuwa, waɗanda mazansu suka rasu da waɗanda nasu ke kudu, ba sa fita kasuwa, sai suka kira Badaru ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta faɗa masa lambarta daga bayan labule. Ya haddace su kamar yadda ya haddace lambobin wayarsu.

Ruwan shuka ya sauka, gero ya fara tsiro, Badaru ya kama hanyar Zango da hantsi. A bakin sito ya tarar da akawun wurin, Malam Misbahu, wani siririn mutum mai tabarau da yawan gaisuwa. Badaru ya faɗi sunan farko, na Rahmatu, matar ƙanen mahaifinsa da ta fita takaba bara.

Misbahu ya duba, ya ɗago kai. "An karɓa."

"Wa ya karɓa?"

"Ɗan aike. Shekaranjiya."

"Malam, ni ne ɗan aikenta. Ba ta da wani."

"To, wani dai ya zo da sunanta da lambarta daidai, na ba shi. Faɗi na gaba."

Na gaba ma an karɓa. Na bayansa ma haka. Sai da aka zo kan wata tsohuwa, Barakatu, sannan Misbahu ya ce nata yana nan. Sauran matan kuwa, wasu nasu yana nan, wasu an karɓa. Badaru ya ɗaure abin da ya samu a bayan babur. Duk hanyar gida tunani ɗaya yake yi: da wane baki zai faɗa wa Rahmatu?

Ya same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗa mata abin da ya faru. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai tsayar da hannunta cikin ƙwarya, ta dube shi, ta ce, "Ikon Allah. Ni dai kai kaɗai na faɗa wa, Badaru."

"Wallahi, Gwaggo, ban gaya wa kowa ba."

"To," in ji ta, ta ci gaba da ɓararta. Wannan "to" ɗin ya fi masa zagi ciwo.

Ƙanenta Audi shi ne bai iya shiru ba. Kafin la'asar ya tare Badaru a gindin dalbejiyar da 'yan acaɓa ke tsayawa, a gaban kowa.

"Kai, Malam mai amana! Takin marayu ya yi fiffike ne?"

"Audi, ka je ka tambayi akawu. Zai gaya maka ba ni na karɓa ba."

"Ai ba ka da wauta, ba za ka je da fuskarka ba. Wani ka tura. Lamba dai ba a tsintarta a hanya. Daga bakin yayata sai kunnenka. Kuma ka sani yanzu ba da ba ne, Shari'a ake yi. Alƙali yana nan Zango, ba nisa."

Maganar ta kai ga mai unguwa, Baba Dabo, wanda ya fi kowa shekaru a ƙauyen. Ya ce ba za a kai ɗan gida gaban alƙali ba sai an zauna tukuna. Ya sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a zaurensa.

Kwanakin da suka biyo baya wayar Badaru ba ta yi ƙara ba. Ba wanda ya zage shi. Ana amsa sallamarsa, ana yi masa sannu da aiki. Amma ya ga buhun niƙan da kullum shi ke ɗauka a bayan babur ɗin wani. Ya ga matar maƙwabcinsa ta rage murya da ya zo wucewa. Takin bai dame shi kamar wannan ba. Idan Juma'a ta zo ta wuce ba a gano komai ba, ko ba a kai shi kotu ba, ya san sunan zai zauna a kansa, 'ya'yansa su tashi su tarar da shi.

Barakatu kaɗai ce ta ci gaba da kiransa. Ƙawar kakarsa ce, don haka wasan jika take yi da shi tun yana rarrafe. Ta aika ya zo ya ɗaga mata buhun takinta zuwa cikin ɗaki kada ruwa ya taɓa shi.

"Shigo, angona," in ji ta. "Ji yadda ka rame. Da wannan wuyan za ka ciyar da ni?"

"Iya, yau ba ni da bakin wasa."

"To ni ina da shi. Kai, ni fa raina ya ɓaci. Ɓarawon nan ya ɗebi na Rahmatu, ya ɗebi na maƙwabciyarta, ya zo daidai ƙofata ya yi kwana. Me ya gani? Tsufa? Har ɓarawo ya raina ni!"

Badaru ya yi dariyar da bai shirya ba. Ya sa buhun a kafaɗa, ya kai bakin ɗaki, sai ya tsaya. Daidai ƙofata ya yi kwana. Ya ajiye buhun a hankali. Ya fara jero gidajen a ransa, ba yadda matan suka kira shi ba, yadda gidajen suke bi idan ana gayya.

A Unguwar Nagoggo gayya tana da layinta tun zamanin kakanni. Daga gonar mai unguwa ake farawa, sai gidan da ke binsa, sai na gaba, har a zagayo. Da wannan layin ake raba naman suna, da shi ake bi gaisuwar Salla. Yaro ma ya san shi. Duk matan da aka kwashe wa taki gidajensu suna gaba da na Barakatu a layin. Duk waɗanda nasu ya tsira, daga ita ne zuwa ƙasa.

"Iya, ranar rajista a ina kika tsaya?"

"Ina na tsaya? Ai ba na gari. Ina Daura wajen jegon autata, can bayan Kusugu. Sai da na dawo ka kai ni Zango aka rubuta ni ni kaɗai. Ka manta? Kai ne ka kusa zubar da ni a kwalbati."

Washegari da sassafe ya koma sito. Ya jira layi ya ragu, sannan ya matsa ya gaida Misbahu.

"Malam, ba ƙara na kawo ba. Tambaya ce. Mutumin nan da ya zo, ya ambaci sunan Barakatu?"

Misbahu ya cire tabarau yana murza ido. "Barakatu... Tsaya. E, ya ambata. Na tuna, don a nan ya tsaya. Lambar da ya faɗa ba tata ba ce, ta wani namiji ce. Na ce masa ya sake dubawa. Ya ce tsohuwa ce, ƙila ta rikice, zai je ya tambayo. Ya ɗaure kayansa ya tafi, ban sake ganinsa ba."

"Namijin nan, na tabbata gidansa ne ke bin nata a wurinmu," in ji Badaru.

Ya bayyana masa layin gayya, da yadda Barakatu ba ta nan ranar rajista. Sannan Misbahu ya ce, "Faɗa mini lambar Rahmatu. Ta maƙwabciyarta fa?" Badaru ya faɗa. Shi kansa sai a lokacin ya ji su kusa da juna a bakinsa, don a da kowacce da fuskar mai ita yake riƙe ta.

"Ka ji ko?" in ji Misbahu. "Farkon lambar duk ɗaya ne: na ƙaramar hukuma, na mazaɓa, na ƙauye. Wutsiyar ce kawai ke canzawa, ita kuma bin layi take yi. Wanda ya fara tsayawa shi ne na farko. In mutum ya san lambar mutum ɗaya, ya san yadda kuka jeru, to ba sai wani ya gaya masa sauran ba, lissafi zai yi." Ya mayar da tabaraunsa, fuskarsa ta canza. "Inna lillahi. Ba ƙauyenku kaɗai ba ne. Duk ƙauyukan da ke karɓa a nan haka lambobinsu suke. Ni kuma ina zaune ina miƙawa."

"Za ka zo ka faɗi haka ranar Juma'a?"

"Zan zo. A babur ɗinka ma, in zai kai mu."

Amma saura abu ɗaya da Badaru bai gane ba: a ina baƙo ya samu lambar farko?

Ranar Juma'a zauren Baba Dabo ya cika. Maza a kan tabarmi, mata daga ciki bayan ƙofa, ana jin motsinsu. Dabo ya buɗe da addu'a, ya ce wanda ya yi zargi shi ke da kawo shaida, amma a bar kowa ya faɗi nasa. Audi ya maimaita maganarsa: lamba daga bakin mai ita sai kunnen Badaru.

Misbahu ya nemi izini. Ya ce, "Malam Audi, kai ka taɓa faɗa wa Badaru lambarka?"

"Allah ya kiyaye."

"Ni ma ban zo da takarda ba. Akwai wanda gidansa ke gaba da naka a gayya? Ya faɗi tasa."

Wani dattijo ya faɗa. Misbahu ya juya ga jama'a. "To wa zai faɗa mana ta Audi?"

Daga bayan ƙofa muryar Barakatu ta fito: "Ai ko ni da ban yi boko ba, ɗaya zan ƙara!" Ta ƙara ɗayan, ta faɗi wutsiyar lambar da ƙarfi.

Audi ya laluba aljihu, ya fito da 'yar takardarsa, ya duba, ya mayar. Aka fashe da dariya.

"Dace ne," in ji shi, amma muryar ta yi ƙasa.

Sai Badaru ya yi magana, a hankali, idonsa a ƙasa saboda manya. Ya ce shi ya san lambar Iya Barakatu ta gaskiya, don shi ya kai ta aka yi mata. Da shi ya ba da lambobin, da nata ya tafi, da na waɗanda ke bayanta. Wanda ya yi wannan aiki ƙirga gidaje ya yi. Bai san Iya ba ta cikin layi ranar ba, shi ya sa da ya iso kanta lissafinsa ya goce, ya tsorata ya gudu. Misbahu ya tabbatar da cewa haka aka yi a gabansa.

"To, na ji," in ji Audi. "Amma ko ƙirgawa ce, ai daga wani wuri ya fara. Wa ya ba shi ta farko?"

Badaru ya ɗaga kai don ya ce bai sani ba, sai idonsa ya sauka a bango, daidai saman kan Baba Dabo. Can, kusa da ƙusar da ake rataye buzun salla, an rubuta wata doguwar lamba da gawayi, manya-manya. Ya sha ganinta. Kowa ya sha ganinta. Nauyin tsohon ya hana shi magana, ya dai kasa ɗauke ido. Mutane suka bi idonsa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe Dabo da kansa ya waiga.

Ya daɗe yana kallon bangon.

"Af," in ji shi. "Tawa ce. Mantuwa ta yi mini yawa, na sa aka rubuta mini inda zan riƙa gani." Ya shafa gemunsa. "Da bazara wani mai sayen gyaɗa ya yi yini a nan. Gida-gida aka riƙa fito masa da ita, ana kiran sunan mai ita yana aunawa. Ya sha fura a kan tabarmar nan. Ya tambaye ni lambar mene ce wannan. Na ce ta gwamnati ce, ni ne na farko. Har na yi masa alfahari, na ce mu nan ba ma turereniya, yadda muke bi a gayya haka na jera mutanena, gida bayan gida, ma'aikatan ma sai da suka yaba." Ya girgiza kai. "Ya ce lalle garin nan akwai tsari."

"Ai ya ga tsari, Baba," in ji wani daga baya. Dariya ta sake tashi, har da Dabo, ko da yake yana yi yana salati.

Da aka natsu, tsohon ya dubi Badaru. "Ɗana, an ɗora maka abin da ba ka ɗauka ba, kuma daga bangona ya fito. Ka yafe mana."

"Ba komai, Baba. Allah ya yafe mana duka."

Audi ya matso ya miƙa hannu biyu. "Bakina ya riga hankalina. Ka yi haƙuri." Bai ƙara ko kalma ba, kuma ga wanda ya san Audi wannan ma da yawa ne.

Mai sayen gyaɗar ba a sake ganinsa ba. Wasu sun ce ta Kongolam ya bi da kayan ya tsallaka iyaka, ba wanda ya tabbatar. Misbahu ya ce zai kai maganar gaba don a daina ba da lamba bisa layi, amma bai ɓoye musu ba cewa irin wannan gyara yakan ɗauki lokaci. Abin da ke hannunsa shi ne ya nemi a soke lambobin ƙauyen a sake rajista, kuma daga ranar ba zai ƙara ba ɗan aike kaya ba sai ya kira mai su a waya ya ji muryarta. Gero kuwa ba ya jiran ofis. Tun a zauren Dabo ya ce kowane gidan da ya samu taki ya ɗebo daga buhunsa a haɗa wa waɗanda aka kwashe wa, ya ce a fara da nasa. Kafin magariba an tara abin da zai kai gonakinsu.

Bayan an yi noman farko ma'aikatan rajista suka dawo. Mutane suka fara jeruwa yadda suka saba, kowa na neman bayan maƙwabcinsa, sai Dabo ya ɗaga sanda.

"A'a! An gama wannan. A kawo ƙwarya."

Aka yi yadda ake yi wajen rabon naman watanda. Kowane gida ya kawo ɗan tsinkensa da alamar da shi kaɗai ya sani, aka zuba a ƙwarya aka rufe da faifai, limami ya riƙa zarowa ba tare da ya duba ba. Wanda tsinkensa ya fito ya shiga zaure shi kaɗai, a ba shi lambarsa, ya fita ta ƙofar baya. Misbahu ya gayyato mutanen wata ruga da ke kusa aka cakuɗa da su, don kada ma a iya riƙe wa ya bi wa. Tsinken Barakatu ne ya fara fitowa. Ta wuce ta gaban Dabo tana taku ɗai-ɗai.

"Mai unguwa, a yi haƙuri, yau mu ne manya."

Na Dabo sai can wajen ƙarshe, bayan rana ta take. Ya zauna a inuwa yana mita, yana cewa tun da aka haife shi bai taɓa bin bayan Audi ba sai yau. An riga an shafe bangon zauren da sabuwar ƙasa. Da ya fito da tasa lambar, ya naɗe takardar ya cusa cikin hularsa, ya ce duk wanda ke so ya gani sai ya fara cire masa kai.

Badaru yana gindin dalbejiya yana goge babur, sai aka ce Rahmatu na kiransa. Ya je ya yi sallama, ya durƙusa a inda ya durƙusa wancan karon. Ta fito da kwanon fura ta ajiye masa, ta tsaya tana gyara mayafi.

"Ranar nan ban ce ka ɗauka ba," in ji ta. "Amma ban ce ba ka ɗauka ba. Shi ne ya tsaya mini a rai."

"Ya wuce, Gwaggo."

"To sha furarka. An ce takin zuba na biyu ya iso Zango." Ta waiga hagu da dama, ko da yake daga ita sai kaji a tsakar gidan, ta rage murya. "Matso kusa in faɗa maka sabuwar."